Ƙananan Kalmomi Masu Nuna Hanya

Ƙasar Gumel tana arewacin Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga Kano a shekarar 1991. Ƙananan hukumomi huɗu ne a cikinta, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Birnin Gumel, inda fadar Sarki take, yana tsakanin sauran ukun. Maigatari tana arewa da shi, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Sule Tankarkar tana yamma. Gagarawa kuwa tana kudu, a kan hanyar jirgin ƙasa wadda aka shimfiɗa daga Kano zuwa Nguru, ta isa can a shekarar 1930.

To, in yaro ya koma ya sake karanta wannan bayani, ya tsame 'yan kalmomin nan, *a* da *daga* da *zuwa* da *tsakanin* da *bakin* da *kan*, sai ya tarar da sunayen garuruwa zube, kamar 'ya'yan dara bayan an tashi wasa. Aikin waɗannan kalmomi shi ne su tsaya gaban suna, su nuna wuri, ko lokaci, ko hanyar da aka bi. Almajiran da suka fara nahawun Larabci sun san 'yan'uwansu, *min* da *ila* da *fi*, waɗanda malamai ke kira huruful jarri.

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma babbar kasuwar dabbobi ce. Mai son jin waɗannan kalmomi suna aiki sai ya tsaya a kara ya kasa kunne. Zai ji ana cewa, "An koro shanun nan daga Damagaram, an biyo da su ta Maigatari, za a wuce da su har Legas." *Daga* ta faɗi mafari, *ta* ta faɗi hanya, *har* ta faɗi matuƙa.

Kada yaro ya raina su don ƙanƙantarsu. A ce wani mutum a Gumel ya kira ɗansa ranar kasuwa, ya ce, "Maza je ka gaya wa baffanka ya tari mota mai zuwa daga Maigatari, da raguna biyu nawa a ciki." Yaro ya ce, "To, Baba." Ya sheƙa a guje, hankalinsa na wajen wasa. Da isarsa ya durƙusa ya ce, "Baffa, wai in ji Baba, ka tari mota mai zuwa Maigatari." Baffa ya ɗauki sandarsa, ya je ya tsaya a gefen hanya, duk motar da ta nufi arewa sai ya ɗaga mata hannu, ya leƙa, ba rago ba dalilinsa. Yana nan tsaye motar da ake nufi ta zo ta wuce ta bayansa, da raguna a ciki, ta miƙe sai Kano. Yaron nan bai yi ƙarya ba. Kalma ɗaya tak ya yar a hanya, *daga*, ita ce kuwa ta juya kan mota.

Irin su *a* da *daga* da *ta* da *ga* ba su da yawa a Hausa. Da ba su isa ba, sai Bahaushe ya duba jikinsa ya yi aro. Yana da kai, sai ya ce kaya na *kan* raƙumi. Yana da ciki, sai ya ce gero na *cikin* rumbu. Yana da baki, sai ya ba rijiya baki, ya ba kasuwa, har iyakar ƙasa ma ya ba ta. Yana da gaba da baya, sai ya ce makaranta na *gaban* masallaci, gona na *bayan* gari. Itace ma bai tsira ba, aka ba shi gindi, shi ya sa tsofaffi ke hira a *gindin* tsamiya. Yaron da ya mance waɗannan kalmomi ba ya bukatar littafi, ya taɓa kansa da bakinsa da cikinsa, zai tuna. Sai dai a yi hattara da "bayan gida", gama kowa ya san wannan ya riga ya sami wata ma'ana tasa!

Akwai 'yar alama da ke manne da su duka, ita ce *n* ta ƙarshe. Ita ke ɗaure kalmar da sunan da ke biye. In sunan ya tafi, ita ma sai ta tafi. Ana cewa "Akuya na cikin gona", amma in an riga an san gonar, sai a ce "Akuya na ciki". Waɗansu kuwa ba sa son *n*, sai *da*. Gumel na *kusa da* Maigatari, tana *nesa da* Legas.

Kalmomin da ke nuna wuri su ne dai ke nuna lokaci. Manomin Gagarawa yakan sayar da riɗinsa *bayan* kaka, ya gyara gona a *goshin* damina. Damina ba ta da goshi, amma da yake goshi ne ke fara isowa in mutum ya doso, sai aka ara mata shi.

Kurakurai uku ne suka fi damun 'yan makaranta. Na fari, cusa *a* inda ba a gayyace ta ba. "Ya tafi kasuwa" ake cewa, ba "ya tafi a kasuwa" ba, domin *a* ta zama ce, ba ta tafiya ba. Na biyu, *ga* takan zama *gare* in ta gamu da wakilin suna: littafi na *ga* malam, yana *gare* shi. Na uku ya fi su wuya, a rubutu yake. *Akan* a haɗe tana faɗin abin da aka saba yi, *a kan* a rabe tana faɗin wuri. Jimla ɗaya ta isa ta raba gardama: "Akan ɗora kaya a kan raƙumi."

Aiki

1. A cika gurbi da kalmar da ta dace: Falke ya tashi ...... Sule Tankarkar, ya bi ...... Gumel, ya kwana ...... Maigatari.
2. A kawo sassan jiki huɗu da ke nuna wuri, a sa kowane cikin jimla.
3. A rubuta saƙon da ya kamata yaron nan ya kai wa baffansa.
4. Kowane yaro ya kwatanta hanya daga ƙofar gidansu zuwa makaranta, sa'an nan ya ja layi ƙarƙashin kowace kalma mai nuna wuri.