Filin Manoma: Yadda Gama Kai Ya Raya Ƙauyen Liskuf

Liskuf wani ƙauye ne a ƙasar Polan, cikin Turai, ba shi da nisa da birnin Kalish. A shekarar 1900 yankin yana hannun Sarkin Rasha. Ƙasar wurin jigawa ce mara ƙarfi, abin da a ke nomawa shi ne dankalin Turawa da wani hatsi dangin alkama. Galibin mutanen ba su iya karatu ba, talauci kuwa ya yi musu katutu.

A shekarar nan aka kawo musu wani limamin coci, Fada Bilizinski. Da ya ga halin da su ke ciki, bai fara da babban abu ba. A 1902 ya sa manoma suka haɗa 'yan kuɗinsu suka buɗe kanti na jam'iyyar gama kai. Ribar da a dā ta ke tafiya aljihun ɗan kasuwa sai ta riƙa komowa hannun masu jari. Daga baya suka kafa asusun tsimi da ba da rance, don kada manomi ya faɗa hannun mai cin riba da bazara. Karatu kuma a ɓoye a ke koya wa yara da harshensu, gama hukumar Rasha ba ta so.

Abin da ya fi dacewa manomi ya lura da shi shi ne gidan madara da suka kafa a 1911. Mai saniya ɗaya ko biyu, madararsa ba ta isa ya kai birni, in ya ajiye kuwa ta lalace. Injin da ke raba mai da madara yana da tsada, ba mai iya sayensa shi kaɗai. Amma in gida ɗari suka haɗu, sai ya zama abu mai sauƙi. Ka'idar irin wannan gida ita ce, kowa ya kawo tasa da safe, a auna, a gwada yawan man da ke ciki, a biya shi gwargwadon man. Watau mai zuba ruwa bai ci riba ba, wanda ya ciyad da saniyarsa da kyau shi ne da kuɗi. Ta haka mutane su ke koyon gyaran kiwo ba da an matsa musu ba. Madarar da aka cire wa mai kuwa a kan mai da ita gida a ba maruƙa.

Bayan Polan ta sami mulkin kanta a 1918, sunan ƙauyen ya bazu. Aka yi babban nunin amfanin gona a can a 1925, aka sake wani a 1937, kowanne kuwa Shugaban Ƙasa ya halarta. Sai yaƙi ya zo a 1939, Jamus ta mamaye ƙasar, aikin ya tsaya. Fada Bilizinski ya bar ƙauyen, ya rasu a 1944. Yanzu Liskuf shi ne hedkwatar wata ƙaramar hukuma a gundumar Kalish.