Aikin Akawun Farashi a Kantin Kayan Masarufi

MAIDUGURI: A manyan kantunan kayan masarufi na wannan birni akwai ma'aikacin da mai saye ba ya cika gani, amma a hannunsa ribar kanti take. Shi ne akawun farashi, wanda ke karɓar rasiɗin kayan da aka saro, ya yi lissafi, ya yanka farashi, sannan ya manna shi a jikin kaya.

Matakin farko shi ne sanin uwar kuɗi. Galibin kayan gwangwani da sukari da taliya daga Kasuwar Singa ta Kano ake saro su, a biyo da su ta Potiskum da Damaturu, tafiyar kusan kilomita 600. Don haka wajibi ne a haɗa kuɗin mota da na dako a kan kuɗin sari. Alal misali, katan mai gwangwanin madara 24 da aka saro Naira 24,000, aka kashe Naira 1,200 wajen kawo shi, ya tsaya a Naira 25,200, watau Naira 1,050 kowane gwangwani. Idan aka ɗora kashi 20 cikin 100, farashi ya zama Naira 1,260.

Mataki na biyu ya fi wuya, domin a nan jari kan zurare ba a sani ba. A ce kafin katan ɗin ya ƙare farashinsa a Kano ya haura zuwa Naira 30,000. Kanti ya sayar da duka ya tara Naira 30,240, alhali maido da irinsa na bukatar Naira 31,200. A littafi an ci riba, amma kuɗin hannu bai isa cike gurbin kanta ba. Saboda haka a lokacin tsadar kaya, kuɗin da za a sake saro kaya da shi ne ma'auni, ba wanda aka biya jiya ba.

'Yan kasuwar Maiduguri sun ga wannan da idonsu. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a Yunin 2024, in ji Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024 sun ƙara dagula samuwar kaya.

Mataki na uku shi ne kiyaye doka. Harajin VAT, wanda ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5, ya koma kashi 7.5 a 2020, amma ba a ɗora shi a kan abincin yau da kullum, don haka dole akawu ya rarrabe kayansa. Haka kuma dokar kare masu saye ta 2018 ta wajabta bayyana farashi. A Fabrairun 2024 hukumar FCCPC ta rufe wani babban kanti a Abuja bisa zargin karɓar kuɗin da ya saɓa wa abin da ke rubuce a kanta.

Shawara ga mai koyon aikin ita ce ya riƙa tuntuɓar dillalan Kano kowace safiya, kuma duk farashin da ya sauya a littafi, ya sauya shi a jikin kaya kafin a buɗe ƙofa.