Darasin Lafiya: Don Me Ake Tambayar Waɗanda Kuka Zauna Da Su?

A Maris 2020, bayan ɓullar korona a Togo, gwamnati ta rufe hanyoyin Sokode. A Janairun 2021 aka killace yankin Dapaong. Kasuwa ta tsaya, zumunci ya yi wuya.

Gano mai cutar da wuri shi ke sa a buɗe gari lafiya. Alamunta na iya kai kwana 14 kafin su bayyana, kuma mutum yana yaɗa ta tun bai ji ciwo ba.

Jama'a, in zazzaɓi da tari sun kama ku, ku je a gwada ku. In an samu cutar, ku faɗi waɗanda kuka ci abinci tare, kuka kwana ɗaki ɗaya, ko kuka haɗa sahu a masallaci. Wannan ba tonon asiri ba ne. Ana nemansu ne a gwada su, kafin cutar ta kai ga tsofaffinmu.