Yadda ake shirya wa tsohon makaɗin jita rangadin ƙasashen duniya

A ƙarshen 2024 David Gilmour, makaɗin jitar ƙungiyar Pink Floyd, ya fita rangadi yana da shekara 78, bayan shekara takwas rabonsa da fita. Wanda ya ji an ce rangadin ƙasashen duniya zai zaci birane talatin ne ko arba'in. Huɗu ne kacal: dare shida a Roma, shida a Landan, huɗu a Los Angeles, biyar a New York, sai wasa biyu na share fage da aka fara yi a Brighton. Tsarin da zan bi ke nan a wannan bayani. Manajan rangadi madugu ne, kuma da ƙarfin wanda ya fi rauni a ayari ake auna nisan zango. A wannan ayarin masu raunin biyu ne, jikin dattijon da tsofaffin jitocinsa, kuma dominsu jama'a suka sayi tikiti.

Likita tukuna

Shekara guda ko fiye kafin daren farko, tun ba ka kama zauren wasa ko ɗaya ba, a kai mai jita asibiti a duba zuciya, kunne, baya da gaɓoɓin yatsu. Eric Clapton ya faɗa da bakinsa a 2016 cewa ciwon jijiyoyi yana wahalar da shi wajen kaɗa jita, daga baya kuma ya yi maganar kunnensa da ke masa ƙara. Peter Frampton, da ciwon tsoka ya kama, a zaune yake wasa yanzu. Abin da likita ya ce shi zai yanke dare nawa za a jera, awa nawa za a tsaya a dandamali, da ko za a tanadi kujera.

Rahoton likitan nan shi kamfanin inshora zai fara tambaya. Akwai inshorar da ke biyan asara idan mai wasa ya kasa fitowa. Ta dattijo tana da tsada, kuma sukan zare duk ciwon da aka riga aka san yana da shi daga abin da za su biya, don haka ka karanta wannan sashen da idonka. Kada kuma ka ce ai mutuminka garau yake. A 2006 Keith Richards na Rolling Stones hutu yake a Fiji ya faɗo daga bishiya, aka yi masa tiyata a ka a New Zealand, dole aka ɗage farkon rangadinsu na Turai.

Zana hanya

Sai ka zauna da dillalin mawaƙin, wanda ke nemo masa wasa a kan kaso, galibi goma cikin ɗari. Shi zai so a ƙara garuruwa, don ladansa ke ƙaruwa. Kai kuwa ka tsaya kan gari kaɗan, dare da yawa. Dubi yadda aka yi a Roma: 27, 28 da 29 ga Satumba, hutun kwana ɗaya, sannan 1, 2 da 3 ga Oktoba, duk a Circus Maximus, tsohon filin sukuwar kekunan doki na Rumawa. Sau ɗaya aka kafa dandamali, sau ɗaya aka saita sauti, mai jita kuma bai sauya masauki ba. Masoyin da ke Jamus ko Sifen shi ne zai hau jirgi, kuma zai hau. Clapton ya daɗe da gane wannan. Ya yi wasa fiye da sau 200 a zauren Royal Albert Hall na Landan, a Afrilun 2023 kuma ya cika wasa na 100 a Budokan na Tokyo, baƙo na farko da ya kai wannan adadi.

Tsakanin nahiya da nahiya a bar tazara mai kyau. Gilmour ya gama Landan 15 ga Oktoba, bai hau dandamali a Los Angeles ba sai 25 ga wata. Awa takwas ke tsakanin agogon biranen biyu, kuma jikin ɗan saba'in da takwas ba ya juya barcinsa a dare biyu. Kaya ma suna buƙatar kwanakin.

Manyan zaure a kama su da wuri. Madison Square Garden gidan ƙungiyoyin ƙwallon kwando da hoki ne na New York, ranakun da suka rage ake rabawa. Idan kuma da tirela za a ja kaya a Turai, doka ta ba direba awa tara a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Tafiyar da ta wuce haka sai da direba biyu ko ƙarin kwana.

Kuɗi da haraji

Cinikin da aka saba shi ne mai ɗaukar nauyin wasa a kowane gari ya yi alkawarin wani adadi da zai biya ko zaure ya cika ko bai cika ba, ko kuma kaso daga ribar tikiti, duk wanda ya fi yawa. A karɓi kafin alƙalami, galibi rabi, tun ba a tashi daga gida ba.

Inda sabon manaja ke shan mamaki shi ne haraji. Amurka tana zare kashi 30 cikin ɗari daga kuɗin baƙon mai wasa, kuma daga jimla take zarewa, tun ba a cire kuɗin jirgi, masauki da albashin ma'aikata ba. Mafita ita ce a nemi yarjejeniya da hukumar harajinsu, IRS, aƙalla kwana 45 kafin wasan farko, a kai mata kasafin rangadin, sai ta lissafa harajin a kan riba. Birtaniya kashi 20 take zarewa, ita ma ana iya neman ragi. Wanda ya makara zai biya cikakke, ya jira shekara ta zagayo kafin ya nemi a maido masa.

Biza

Ta Amurka ce mai wuya, da ita za ka fara. Fitaccen makaɗi shi kaɗai O-1 ake nema masa, ƙungiya kuma P-1, sai ma'aikatansa su bi bayansa da tasu takardar daban. Wani kamfani ko wakili da ke Amurka ne zai shigar da buƙatar, haɗe da wasiƙar ƙungiyar makaɗan ƙasar da jerin ranaku da wuraren wasa. Daga Afrilun 2024 kuɗin shigarwar ya tashi daga dala 460 zuwa fiye da 1,600 ga manyan kamfanoni, kuma takarda ɗaya ba ta ɗaukar fiye da mutum 25. Ayarin mutum sittin ke nan takardu da yawa ne. A Turai kuwa, wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ne kwana 90 yake da su cikin kowane 180 a yankin Shengen, kuma tun da Birtaniya ta fice, wannan ya shafi ma'aikatanta. Ka tambayi kowane mai haɗa sauti da mai fitila kwana nawa ya riga ya ci da wani rangadin.

A ware kuɗin ko-ta-kwana, a kuma yi tunanin komawa gida. A Yulin 2023 Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, da abokan kiɗansa suna rangadi a Amurka aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can har sai da masoya suka haɗa musu gudummawa.

Jitoci da kwastam

Nan ne aikin yake, nan kuma na fi ganin ya kamata a ɓata lokaci.

Duk kayan da za su fita su dawo ana rubuta su cikin kundi guda da ake kira ATA Carnet, wanda majalisar 'yan kasuwa ta ƙasarku ke bayarwa, yana aiki shekara ɗaya. Da shi ake shiga ƙasa da kaya ba a biya kuɗin fito ba, bisa sharaɗin za a fita da su yadda aka shigo. Kowace jita, kowace amfilifaya, kowane akwati sai an rubuta sunansa, lambar jikinsa, nauyinsa, ƙimarsa da ƙasar da aka ƙera shi. Kwastam za su buga hatimi a fita, a shiga, a sake fita, a dawowa. Jami'i yana iya ɗora yatsa kan layi na 214 ya ce a buɗe masa wannan, ƙarfe uku na dare, cikin sanyi. Shi ya sa ake manna lambar layin a jikin kowane akwati da babban rubutu, a kuma san a wace tirela yake. Tsirkiya, batir da rigunan sayarwa ba sa shiga kundin, tunda ba za su dawo ba. Kuma in mai jita ya ga dama ya kyautar da jita ɗaya a Tokyo, ka faɗa masa ya bari sai an koma gida, don layin da ya ɓace kuɗin fito ne da tara.

Sai maganar katako. Tun 1992 yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, ta sa katakon rozwud na Birazil a sahun da aka fi tsananta wa. Da shi aka yi jikin manyan jitocin Martin kafin 1969, da shi aka shimfiɗa wuyan jitocin Gibson na shekarun 1950 da Fender na farkon shekarun 1960. Wato daidai irin jitocin da dattijo ke ji da su. Wasu ma suna da ɗan hauren giwa ko ɓawon kunkurun teku a jiki. Irin wannan jita ba ta tsallake iyaka sai da takardar shaidar kayan kiɗa ta CITES, mai aiki shekara uku, kuma ta tashoshin da aka keɓe kawai. In babu, kwastam suna da ikon ƙwace ta. A nemo masani ya duba kowace jita ya rubuta irin katakonta, a haɗa da shaidar shekarar da aka ƙera ta, a shigar da buƙatar watanni kafin tafiya.

Shawarata dai, jitar da ba ta da madadi a bar ta a gida. Baƙar Stratocaster ta Gilmour da aka yi gwanjonta a 2019 dala miliyan 3.975 aka saya. Frampton kuwa a 1980 jirgin dakon kayansa ya faɗi a Benezuwela, ya fid da rai da baƙar Les Paul ɗinsa, sai daga baya aka gano ta a tsibirin Curaçao, aka maido masa a 2011. Ba kowa ke da wannan rabon ba. In mai jita ya kafe sai da ita, a saya mata kujera a jirgi kusa da mai kula da ita. Sauran su bi cikin akwatuna masu ƙarfe a kusurwa, da abin riƙe danshi a ciki, domin bushewar iska tana tsaga katako. Idan an sauke su daga sanyi kada a buɗe nan take, a bar akwatin ya ɗauki ɗumin ɗaki, in ba haka ba fentin ya daddare.

Mai kula da jita kuma ba wurin da za ka rage kuɗi ba ne. Phil Taylor yana tare da Gilmour tun 1974. Irin wannan mutum ya san kaurin tsirkiyar da yatsun maigidansa ke so, ya san inda kowane maɓallin amfilifaya ke tsayawa har ya manna masa alama da tef, yana kuma ɗauke da kwalaben gilashin da tsohuwar amfilifaya ke aiki da su, don su ne ke fara mutuwa a hanya.

Wuta da takardar buƙatu

Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Turai 230, ta Japan 100. Amfilifayar Amurka da aka jona kai tsaye a Landan ƙonewa za ta yi, don haka taransifoma tana cikin kaya. Saurin juyawar wutar ma ya bambanta, 60 a daƙiƙa a Amurka, 50 a Turai, Japan kuma rabi da rabi. Tsohuwar ogan ta Hammond da wannan juyin take saita muryarta, in ya sauya sai ta kauce wa sauran kayan kiɗa. Abin da ya fi duk wannan shi ne wayar ƙasa. A 1972 Les Harvey, makaɗin jitar Stone the Crows, ya taɓa makirfo da wuta ke bi a kan dandamali a Swansea, ya mutu a gaban jama'a. Kowace rana a sa mita tsakanin tsirkiya da makirfo kafin mai jita ya matso.

Duk waɗannan ana rubuta su cikin takardar buƙatu da ke bin kwantiragi: faɗin dandamali, nauyin da rufin zaure zai ɗauka, yawan wuta, masu dako nawa, abinci, ɗakin hutawa mara matakala. Ƙungiyar Van Halen ta taɓa cusa sharaɗin a kawo alewar M&M's amma a tsince masu ruwan ƙasa. Mawaƙinsu David Lee Roth ya ce gwaji ne, in sun tarar da mai ruwan ƙasa a kwano sun san ba a karanta takardar ba, sai su bi wuta da ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Kai ba sai ka yi dabarar alewa ba. Buga waya mako biyu kafin ranar, ku bi takardar layi-layi da mutumin zauren.

Ranar wasa

Da sassafe ake sauke kaya, a fara rataya fitilu da lasifikoki, sannan kayan kiɗa. Ma'aikata su gwada komai, dattijo ya zo da la'asar ya yi gajeren gwajin sauti ya koma ya huta. Hira da 'yan jarida da gaisawa da manyan baƙi a rage su iya yadda za a iya. A raba wasan gida biyu da hutu a tsakiya, a jera waƙoƙi yadda masu cin yatsu ba za su zo a jere ba, a ba wani cikin ƙungiyar waƙa ɗaya ko biyu. A rangadin 2024 'yar Gilmour, Romany, tana karɓar waƙa.

Ka san lokacin tashi na kowane wuri, ka manna agogo inda mai jita zai gani. A Yulin 2012 a Hyde Park aka kashe wa Bruce Springsteen da Paul McCartney makirfo saboda sun wuce lokaci.

Tun ana cikin wasa akawunka zai zauna da mai ɗaukar nauyi su bi lissafi: tikiti nawa aka sayar, nawa aka bayar kyauta, rasit na kowane abin da aka ce an kashe, da takardar shaidar harajin da aka zare, wadda za a nuna a gida don kada a biya sau biyu. Kada a tashi sai an sa hannu. Bayan daren ƙarshe a ƙirga akwatuna da kundin kwastam a hannu, a karɓi hatimin dawowa a tashar gida, a mayar da kundin ga majalisar da ta bayar kafin wa'adinsa ya cika, sannan ne za a saki kuɗin jinginar da aka ajiye lokacin karɓar kundin.