Matafiyi da Bindigarsa

Jama'ar Gyadi-Gyadi da Tarauni, ku sani a zamanin da ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kan tafi da makamai saboda 'yan fashi. Yau al'amari ya sake. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana riƙe bindiga sai da lasin. Lasin ɗin Nijeriya kuwa ba ya aiki a Maraɗi. Wanda ya ƙetare iyaka a Jibiya da bindiga ba izini, ya jawo wa kansa ɗauri.

Saboda haka mai niyyar doguwar tafiya ya bar tasa. Ya tuntuɓi 'yan sanda a kan ajiyarta, kada ya jingine ta a ɗakin da yara ke shiga. Rigakafi ya fi magani.