Injin Yankan Ciyawa Maras Waya: Kuɗin Yana Cikin Batir

Tun shekarar 1830 da wani injiniya ɗan ƙasar Ingila mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa na farko, wannan na'ura ta zama kayan aikin gida a Turai da Amurka. Shekaru da dama fetur ne ke tafiyar da ita, ko kuwa wutar lantarki ta doguwar waya. A halin yanzu mai amfani da batir yana cin kasuwa, musamman tun da Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2021 ta hana sayar da sababbin ƙananan injuna masu shan fetur, daga ƙirar 2024.

Na farkon da aka yi suna amfani da batirin dalma, irin na mota, mai nauyi da jinkirin caji. Abin ya sauya da zuwan batirin lithiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Kilo ɗaya na batirin lithiyam yana ɗaukar wutar da ta ninka ta kilo ɗaya na dalma sau uku ko fiye. Farashinsa kuma ya faɗi ƙwarai: ma'aunin kilowat-awa ɗaya da ya haura dala 1,000 a 2010 ya dawo dala 115 a 2024, bisa ƙididdigar BloombergNEF.

Inda ɗan kasuwa ya kamata ya natsu shi ne lambobin da ke jikin batir. Harafin V yana nuna ƙarfin tura wuta, Ah kuwa yawan wutar da batir ke riƙewa. Sai an ninka ɗaya da ɗaya ake samun ainihin abin da aka saya, wato Wh. Batir mai 40V da 5Ah yana da 200Wh, alhali mai 56V da 2.5Ah yana da 140Wh kacal, duk da lambarsa ta farko ta fi girma a kan kwali. Akwai kuma wata dabara ta talla. Ƙwayoyi biyar a jere, kowace mai 3.6V, su ke ba da 18V. Wasu kamfanoni sukan rubuta 20V domin haka batirin ke nunawa sa'ad da aka cire shi daga caji. Kaya ɗaya ne, suna ne ya bambanta.

Bugu da ƙari, batirin Makita ba ya shiga injin Ryobi, na DeWalt ba ya shiga na EGO. Yawancin kamfanoni kowanne ya yi wa nasa mazauni dabam, don haka wanda ya sayi injin yakan koma ga kamfanin idan batir ya mutu, kuma sabon batir yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin injin gaba ɗaya. Nan ribar kamfanonin take.

Mai niyyar shigo da injunan domin otal-otal da filayen wasa na Abuja ko Legas yana da lissafi biyu a gabansa. Zafi yana rage wa batirin lithiyam kwana, ajiye shi a cike cikin shago mai rufin kwano kuwa asarar jari ce tun kafin mai saye ya zo. An fi so a ajiye shi a inuwa da kimanin rabin caji. Sannan dokokin sufuri na duniya sun sa shi cikin kaya masu haɗari saboda yakan kama da wuta, abin da ke ƙara kuɗin dako da inshora.

Shi kansa ma'adinin lithiyam ana haƙo shi a Nijeriya, kuma a 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa. Amma akasarin ƙwayoyin batirin duniya a ƙasar Sin ake ƙera su, saboda haka da kuɗin waje mai shigo da kaya zai biya.