Darasi: Tubalan Rai da Iyakar Sanin Ɗan Adam

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ƴaƴanmu suna dawowa daga makarantar boko da batun cewa rai ya faro daga sinadarai. Wani uba ya tsawata, wani ya yi shiru, yaro kuwa ya kwana da shakka. Ya kamata mu san abin da masana suka gano tukuna.

Na farko: sun ƙiyasta shekarun ƙasa da kimanin miliyan 4,500. A Pilbara ta ƙasar Ostireliya akwai duwatsu masu ɗauke da alamun ƙananan halittu na shekara wajen miliyan 3,500.

Na biyu: a 1952, a Jami'ar Chicago ta Amurka, wani ɗalibi, Stanley Miller, ƙarƙashin malaminsa Harold Urey, ya rufe ruwa da iskar metan da amoniya da haidirojin cikin tulunan gilashi. Ya dafa ruwan, ya riƙa sakar wa tururin tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Bayan mako guda ruwan ya rine, aka sami amino asid a ciki, wato sinadaran da ake gina furotin na jikin kowane mai rai da su. An kuma same su cikin dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison a 1969. Sai dai a yau galibin masana suna ganin iskar farkon duniya ba daidai take da wadda Miller ya haɗa ba.

Na uku: tubali ba gida ba ne. Ƙwayar halitta tana da bango, tana ci, tana ajiye bayanin gadonta, tana haifar irinta. Har yau ba wanda ya haɗa mai rai daga waɗannan sinadarai, kuma masana suna saɓani kan inda abin ya faro: ko a maɓuɓɓugan zafi na ƙasan teku, ko a kududdufai masu cika suna ƙafewa.

Don haka kada mu ƙaryata gwajin da ya tabbata, kada kuma mu ɗora masa abin da bai nuna ba. Sanin sababi ba ya kore Mai sababin. Aya ta 30 ta Suratul Anbiya ta yi nuni ga ruwa a asalin masu rai. Mu karanta tafsirinta tare da ƴaƴanmu, mu saurari tambayoyinsu.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.